Muryar Malam Habu a Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni ya fi ƙarfina.

A Malumfashi akwai wata tsohuwa, Iya Delu, wadda tsufa ya rikita mata tunani bayan rasuwar mijinta Malam Habu. Wani lokaci ta gane 'ya'yanta, wani lokaci ta tambaye su daga wane gari suke. Abu ɗaya ne bai ɓace mata ba, muryar Malam. Shi kuwa tsohon ma'aikacin rediyo ne, kuma a shekararsa ta ƙarshe ya riƙa zama gaban wata tsohuwar kwamfuta yana ɗaukar muryarsa, yana ba da labaran ƙuruciyarsu, yana tsokanarta. Idan aka kunna mata, sai ta karɓi kwano ta ci. Idan ba a kunna ba, sai ta ce ba za ta riga Malam ci ba. Kada ku tambaye ni dalilin da ba a zuba muryar a waya ba. 'Ya'yanta uku ne, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya yi.

Wata safiya faifan da ke ajiye komai a cikin kwamfutar ya mutu.

Babban ɗan, Sallau, tela ne, bai san kwamfuta sosai ba, amma mutum ne mai tsoron asara. Tun Malam na raye ya sa aka kwafe masa duk abin da ke cikinta a wani faifan ajiya, ya naɗe a tsumma ya jefa ƙasan akwatin zare, ƙannensa suna yi masa dariya. Ranar nan ya tono shi, aka sa sabon faifai a kwamfutar, aka juye komai a ciki. Ana gamawa faifan ajiyar ya yi wani ƙas-ƙas, shi ma ya tafi. Aka kunna kwamfuta. Fuskarta ta yi baƙi, sai wani ɗan farin layi yana ƙiftawa a lungu. Aka kashe, aka kunna, haka. Maƙwabta suka taru, wani ya ce zafi ne, wani ya ce batir, wani ya ce a hura ta. Ba wanda ya iya cewa ko muryar tana ciki ko ta tafi tare da faifan.

Ta biyun, Lantana, ita ke kwana da Iya. Ita ta yi ta lallashinta da cokalin kunu, tana ce mata Malam ya yi tafiya ne, yana hanya. Da ta ji an kai kwamfutar kasuwa, hankalinta bai kwanta ba, ta bar Iya wurin maƙwabciya ta bi sawu. Ta tarar mai gyara ya gaji da gwaje-gwaje, ya shawo kan Sallau a goge komai a zuba sabo, har mai gyaran ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Lantana ba ta fahimci ko kalma ɗaya a bayaninsa ba, kalmar gogewa kawai ta ji. Ta fizge kwamfutar daga kan teburin, ta rungume ta cikin mayafi.

Ta ce, "Yaya, in ta ƙi tashi ta yi ta kwanciya. Amma ba mai goge mini Baba."

Autan, Barau, yana aiki a wata maɗaba'a a Kaduna. Ya iso ya tarar Iya ta rame, ko ruwa sai da roƙo. Ya tashi kwamfutar da wani filash, ɗan abin ajiya da ake soka mata, da ya zo da shi, ya leƙa cikin sabon faifan, ya ga muryoyin suna nan cif, amma a kulle cikin manhajar da Malam ya yi amfani da ita, ba sa buɗuwa sai kwamfutar ta tashi da kanta. Ya ce musu matsalar ita ce tana ta neman tsohon faifan da ta saba, ba ta san an yi mata sabo ba. Ya shiga saitinta ya canza wannan, ta ƙi. Ya mayar, ya canza wancan, ta kawo wani rubutun da bai taɓa gani ba. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga, har ya manta abin da ya taɓa da wanda bai taɓa ba. Ana kiran la'asar sai ga ta ta tashi. Har yau in ka tambaye shi wanne ne ya yi aiki, zai ce maka bai sani ba.

Muryar Malam ta cika ɗakin: "Delu, kin tuna ranar da akuya ta cinye mini hula?"

Iya ta ɗago kai, ta yi murmushi, ta ce a kawo tuwo tunda Malam ya dawo. Ta ci har ta nemi ƙari. Sannan ta zare zoben azurfar Malam daga yatsanta, ta dubi mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane ko ɗaya ba.

Ta ce, "Wanda ya je tasha ya ɗauko mini Malam, ya zo ya karɓa."

Ba wanda ya motsa. Da Sallau bai ɓoye faifan nan ba, da babu abin da za a ceto. Da Lantana ta makara kaɗan, da an goge shi. Da Barau bai zo ba, da muryar tana nan a kulle, Iya tana jiran wanda ba zai yi magana ba. Zobe kuwa ɗaya ne, ga hannun tsohuwa a miƙe.

To jama'a, a cikin ukun nan, wa ya kamata ya miƙa hannu?