Ranar da Tagwayen Haske Suka Ɓace

Ku matso ku ji wata shari'a da ta gagari mai ita.

A wata jami'a akwai Farfesa Turai, mai ɗakin binciken haske. A ɗakin ana harba hasken leza cikin wani ɗan kiristal, sai ƙwayar haske ɗaya ta rabu biyu, ta zama tagwaye. In an auna ɗaya, amsar ɗayar sai ta dace da ita, komai nisan da ke tsakaninsu. Ranar Alhamis baƙi za su zo gani, in sun gamsu su ɗauki ɗalibinta ɗaya ya je ƙasar waje ƙaro ilimi. Ɗalibai uku gare ta, Lirwanu da Mansura da Habila, gurbi kuwa ɗaya.

Ranar Litinin tagwayen suka daina bayyana a na'ura. Turai ba ta yi faɗa ba. Ta dai dubi ukun ɗaya bayan ɗaya, ta kulle ɗakin, ta jefa makulli a jaka. A ranta ta riga ta yanke cewa wani ne ya taɓa madubai da ke cikin na'urar don ya kayar da 'yan uwansa.

Lirwanu ne ya gano wani siririn maiƙo kwance a kan madubai. Da Turai ta tambaye shi yadda ya shiga ɗakin da ta kulle, sai ya sunkuyar da kai. Ashe tun bara ya yanko nasa makullin a kasuwa.

Mansura ce ta san asalin maiƙon. Ta bi Farfesa ofis, ta turo ƙofa, ta ce, "Ranki ya daɗe, turaren wutarki ne. Hayaƙin yana bin bututun iska daga ofishin nan ya sauka can."

"Tun yaushe kika sani?"

"An kwana biyu."

"Kika yi shiru."

"To, wa zai fara gaya miki?"

Habila kuwa, da aka buɗe ɗakin, wuni biyu ya yi a tsaye yana goge madubai yana saita su a hankali, har tagwayen suka dawo da hantsin Alhamis. Sai dai littafin da ake rubuta kowane saiti a ciki, ko layi ɗaya bai sa ba. Ya ce mantuwa ce. Yanzu in ba shi, babu mai iya tayar da na'urar.

Baƙi suka gani, suka yaba, suka miƙo mata takarda ta rubuta suna. Turai ta riƙe biro. Da ɗayansu bai yi nasa ba, da babu abin nunawa, amma a cikinsu babu wanda zuciyarta ta kwanta da shi.

To, jama'a, sunan wa ya kamata ta rubuta?