Fedar Anti Noreen

Fergus makaɗin jita ne a birnin Darwin, kuma kowa ya yarda yana da kunne. Aibinsa ɗaya ne, gaggawar yanke hukunci. Minti biyu sun ishe shi ya ce abu ba shi da kyau.

Stavros mai shagon kayan kiɗa ba ya karɓar sabon kaya sai Fergus ya gwada. Wata Talata ya miƙa masa feda, 'yar na'urar nan da ake takawa da ƙafa don muryar jita ta yi kauri da gurnani. Anti Noreen ce ta haɗa ta da hannunta, tsohuwar mai gyaran rediyo wadda sana'arta ta mutu. Idan Fergus ya yaba, shagon zai karɓi guda ashirin.

Fergus ya jefa fedar a mota, ya tsaya cin laksa, wata taliya mai romo, da hira, ya bar ta awa uku cikin rana. Da ya isa gida ya jona ta tana zafi kamar dutsen guga. Ya taka, ya kaɗa. Sautin ya fito a shaƙe, yana tsinkewa.

"Tarkace," in ji shi. Nan take ya rubuta wa Stavros saƙo cewa kada ya karɓi ko ɗaya. Bai kai ga turawa ba sai ga kiran Noreen.

"Ɗana, ka gwada?"

"Na gwada, Anti. Gaskiya dai..."

"A ina ta wuni?"

"A mota, awa uku."

Ta yi dariya. "Kai ma in aka kulle ka a ciki awa uku, wace waƙa za ka yi? Kayan cikinta irin na da ne, ba sa son zafi. Sa ta gaban fanka, ka sha shayi, sannan ka sake."

Ransa bai so ba, gani yake hanzari kawai take kawowa. Amma ya ji nauyinta, ya jira.

Da fedar ta huce ya sake takawa. Sautin ya cika ɗakin, mai kauri, yana daɗewa kafin ya mutu. In ya rage ƙarar jita sai ya fito tas, in ya ƙara sai ya yi ruri. Ya fi awa guda yana kiɗa. Sannan ya duba saƙon da bai tura ba. Ya goge shi, ya sauke ajiyar zuciya.

Washegari ya je shago. "Karɓi ashirin ɗin. Amma ka gaya wa masu saye kada su bar ta a mota."

Stavros ya ce, "Wane sakarai ne zai yi haka?"

"Na san wani," in ji Fergus.

Darasin shi ne, duk wanda ake jin maganarsa, abincin wani na iya rataya a bakinsa. Kafin ka kushe aikin mutum, ka tabbata ka ba shi haƙƙinsa, ka kuma duba ko laifin daga wajenka yake.