Ranar da Hanyar Tafki Ta Ɓace wa Istifanus

Yabo ya tabbata ga Ubangiji da ya ba ikilisiyarmu ta Baptis, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, dattijon fasto, masanin Littafi Mai Tsarki, mai tsoron Allah da yawan azumi, wanda duk zaman da na yi ina hidima a ƙarƙashinsa ban taɓa ganin ya katse mai damuwa a tsakiyar magana ba. Baba muke ce masa, Allah ya ƙara masa daraja.

Wata rana da hantsi, dab da girbi, Istifanus, ɗan ikilisiyarmu, ya faɗo mana gindin mangwaron coci, idanu jajur, riƙe da galan na maganin feshi. Shanun maƙwabcinsa Sanda sun cinye masa waken suya tas, ya kuwa rantse sai ya tuttula maganin a tafkin da suke sha. Na san idan shanun nan suka mutu, wutar ba za ta tsaya a gona ɗaya ba.

Baba ya nuna masa benci, ya ce, "Faɗa mini, tun daga shuka."

Istifanus yana zama yana tashi, yana zuba. Baba bai ce masa ya yafe ba, bai ja masa aya ba, ni kuwa ayoyi sun cika mini baki. Can Istifanus ya suri galan ya yi gaba. Na zabura zan bi shi.

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Bai gama magana ba, zai dawo."

Ya sunkuyar da kai yana addu'a, ni kuwa ina kai-komo, raina a ɓace, ina ganin kamar mun saki mutum ya je ya hallaka gari.

Wajen azahar sai ga Istifanus ta bayan coci, jiƙe da gumi, galan a rufe yadda yake. Ya ce hanyar tafkin da yake bi tun yana yaro, duk inda ya ɓullo mata sai ya tsinci kansa a gindin mangwaron nan. Ya zube ya ƙarasa labarinsa yana kuka, Baba yana saurare, har Istifanus ya miƙa masa galan ɗin da hannunsa.

Ana haka sai ga matarsa Rifkatu da bokiti a kai. "Maigida, ashe kana nan! Famfo ya lalace tun safe, a tafki muka yi ta ɗiba. Yara ma can suka sha."

Istifanus ya dubi bokitin, ya dubi galan.

Baba ya ce, "Sha ruwa. Gobe mu je wurin Sanda tare."

Tsarki ya tabbata ga Mai tsare bayinsa ta inda ba su sani ba. Ya Ubangiji, ka ja zamanin bawanka, mu kuma ka sam mana ko kaɗan daga irin kunnen da ka ba shi. Amin.