Murmushin Muttaka a Gidan Taliya

Akwai wani matashi mai suna Muttaka, mutumin Gusau, direba ne a wani kamfani a Doha. Ranar wata Alhamis da ƙarfe biyar na yamma ya saka farar shaddarsa, ya ɗauki abokinsa Yusif, suka nufi wani gidan abinci da ya yi suna wajen taliyar Jafan da ake kira ramen.

Ba yunwa ce ta kai shi ba. Yana neman auren Sahadatu, 'yar Zangon Kumasi ta ƙasar Gana da ke aiki a wani kanti a nan Doha. Mahaifinta ya ce shi yana nesa, don haka duk abin da ƙanwarsa Mma Wasilatu ta gani ta faɗa, shi ke nan. Ranar ce Muttaka zai fara haɗuwa da Mma, shi ya sa ya zaɓi wurin da kowa ke ɗora hotonsa a waya, don ya burge.

Gidan yana da tsarinsa. Ba a kama wa kowa kujera. Layi ake bi, inda wuri ya samu nan za a zaunar da kai a dogon teburi, kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka sani ba. Layi ya zo kansu Sahadatu ba ta iso ba. Ta turo saƙo cewa an riƙe ta a wurin aiki, Mma kuma za ta taho da kanta daga unguwar Mu'aither.

Suka zauna, aka kawo musu manyan kwanuka, taliya cikin romon kaza da rabin dafaffen ƙwai, da tsinkaye biyu na ci.

Yusif ya ce, "Yalla, maza, ango, nuna mana. Sati guda kana ɗaukar gyaɗa da biro biyu a ɗaki, yau ranar jarrabawa ce."

"Rufe mana baki, kar a ji," in ji Muttaka.

"Wa zai ji? Duba wurin nan, akwai mai kama da Bahaushe?"

Ana haka aka zaunar da wata mata a gefen Muttaka. Baƙar fata ce mai jiki, sanye da shuɗin yunifom na masu rakiyar yara a motar makaranta, da ɗan ƙaramin hijabi. Muttaka ya dube ta sau ɗaya ya yanke cewa 'yar Yuganda ce ko Kenya. Shi Mma da yake jira, cikin leshi da mayafi ya zana ta a ransa.

Matar ta nemi cokali mai yatsu, ma'aikacin bai ji ba saboda hayaniya. Ta gwada tsinkayen. Taliyar ta suɓuce ta faɗa cikin kwano, romo ya fantsama a hannun farar shaddar.

Ta ba shi haƙuri da Turanci, ta miƙo masa tishu. Muttaka ya yi mata murmushi mai kyau, ya amsa da Turanci cewa babu komai, kada ta damu. Murmushin yana nan a fuskarsa ya ce da Hausa:

"Dubi wannan buhun masarar. Wanda bai iya ba ya tsaya gida ya ci da hannu mana. Ƙazamar banza, ta ɓata mini kaya."

Yusif ya ƙyalƙyale. "A hankali dai."

"Me za ta ji? Kalli yadda take zuƙar romo kamar saniya a rafi." Ya sake juyowa ya gyaɗa mata kai cikin ladabi.

Matar ba ta ɗago ba. Aka kawo mata cokali, ta cinye abincinta tsaf, ta goge baki. Sannan ta ce da Hausa, a natse:

"Ɗana, miƙo mini ruwan nan. Saniyar ta ƙoshi."

Tsinkayen suka faɗi daga hannun Muttaka. Yusif ya sunkuyar da kai kamar zai shige cikin kwanonsa.

Sai ga Sahadatu ta shigo da sauri, ta hango su, fuskarta ta washe. "Mma, ashe har kun haɗu?"

"Mun haɗu," in ji Mma Wasilatu. "Mun ma yi hira. Muttaka, maimaita mata."

Ya zame daga kujerar zai durƙusa, wurin ya yi masa ƙunci, gwiwarsa ta bugi ƙafar teburi. Mutanen da ke layi suna kallo.

"Mma, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban san ke ce ba."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa na saurara da kyau." Ta ɗauki jakarta. "Zagin na yafe, na sha jin wanda ya fi shi a ƙasar nan. Murmushin ne ba zan iya mantawa ba. Yanzu in ka yi wa 'yata irinsa, ta yaya za ta san me ke bayansa? Khalas, shi ke nan, Sahadatu, mu tafi."

Muttaka ya zauna gaban taliyarsa har ta huce ta kumbura. Ma'aikacin ya zo ya roƙe su da su tashi, akwai masu jira.

Bayan kwana biyu Sahadatu ta turo masa saƙo cewa mahaifinta ya ce a dakatar da maganar. Ba a sake tayar da ita ba.

Darasi: Halinka na gaskiya shi ne abin da kake faɗa a kan mutum lokacin da kake zaton ba ya jin ka. Kada fuskarka ta girmama wanda harshenka ke wulaƙantawa, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman namu da ke ƙasashen waje suna ganin babu mai jin Hausa sai su.