Ranar da Aka Cire Tela Daga Zauren Unguwa

An ce wai a wani gari da ke bakin babbar hanya, a wannan zamani namu na wayar hannu, an yi wani alƙali ana kiransa Alƙali Zubairu. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya katse mai bayani, har baƙon kotu kan ɗauka gyangyaɗi yake yi a kan kujera. Lauyoyin garin kuwa sun san shi, shi ya sa suke auna magana kafin su sake ta a gabansa.

Wata rana aka gurfanar da wani mutum a kotunsa, Alhaji Tanimu mai taki. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Shi ke tara mutane in za a yashe kwata, shi ne kan gaba in an yi rasuwa, kuma shi ne shugaban zauren unguwa na waya, wato guruf ɗin nan da magidanta ke sanar da juna ɗaurin aure da jana'iza. Shi ke sa mutum a ciki, shi ke cirewa.

Abin da ya kawo shi kuwa ga shi. Wani la'ananne ya ci zarafin wata ƙaramar yarinya a unguwar, ya kuma ɗauki abin a waya. Shi wannan an kama shi, shari'arsa daban, yana can gidan yari. Amma kafin a kama shi bidiyon ya fita, ya faɗo wayar Alhaji Tanimu. Da ya gani hankalinsa ya tashi, ya yi salati, sai ya aikata abin da mutanenmu suka fi iyawa. Ya tura shi zauren unguwa, ya rubuta a ƙasa, “Innalillahi! Iyaye a kula da yara.” Daga zauren unguwa ya tsallaka na 'yan kasuwa, daga nan ya shiga na direbobi, kan a ankara gari ya ɗauka. Kowa da salati ya tura. Ni dai ban taɓa ganin salatin da ya rufe fuskar yarinya a bidiyo ba.

Uban yarinyar tela ne, Malam Isyaku, kekensa na ƙofar gida. 'Yarsa ta daina zuwa makaranta don yara na nuna ta da baki, uwarta ta daina fita ko gidan suna. Da 'yan sanda suka bi sawun bidiyon, suka tarar daga wayar Alhaji Tanimu ya fara yaɗuwa. Doka kuwa ba ta ɓoye maganarta ba: ajiye irin wannan hoto laifi ne, tura shi ga wani laifi ne da ya fi, kuma hukuncinsa ɗauri.

Ranar shari'a kotu ta cika ta batse. Mai unguwa ya zo, dattawan masallaci sun zo, kowa da babbar riga, kowa ya zo roƙo. Alƙali ya dube su ya gane inda aka sa shi. In ya ɗaure Alhaji Tanimu, gari zai ce an ɗaure mutumin kirki don ya yi gargaɗi. In ya sake shi, gobe duk wani mai mugun nufi zai tura irin wannan abu, ya rubuta “a kula” a ƙasa, ya ce shi ma gargaɗi ya yi.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya nemi a kunna bidiyon a matsayin shaida. Alƙali ya ce, “Ba za a kunna ba. Rahoton masana da suka bincika wayar yana gabana, wanda ake tuhuma kuma bai musa ba. Idanun da suka kalli yarinyar nan sun isa, kotu ba za ta ƙara nata ba. Kuma kada wanda ya ambaci sunanta a ɗakin nan.”

Sai lauyan Alhaji Tanimu ya tashi, Barista Shu'aibu, mutum mai kaifin baki wanda ya san aikinsa. Ya ce, “Ya mai shari'a, wanda nake karewa bai taɓa yarinyar nan ba, bai ɗauki hoton ba, bai sayar ba, bai kalla don sha'awa ba. Tsoro ne ya kama shi, irin tsoron da ke kama duk uba. Doka an yi ta ne don miyagu, ba don mai tausayi da ya yi kuskure ba. Kuma ina da hujjar da za ta nuna wa kotu irin zuciyarsa. Kafin ya tura bidiyon, sai da ya cire Malam Isyaku daga zauren, don kada idon uba ya gani. Mai mugun nufi zai yi wannan kara? Wannan aikin mai kunya ne, mai sanin darajar maƙwabci.”

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, wani ma ya ce “Haka ne!” da ƙarfi, sai da ɗan sandan kotu ya harare shi.

Alƙali ya ce, “Barista, ka yi aikinka, kuma haƙƙin kowane wanda ake tuhuma ne a tsaya masa haka.” Sannan ya juya ga akwatin tuhuma. “Alhaji Tanimu, da gaske ka cire Malam Isyaku kafin ka tura?”

Ya ce, “Da gaske ne, ranka ya daɗe.”

“Me ya sa?”

“Ranka ya daɗe, ai ba abin da uba zai gani ba ne. Wallahi in ya gani zuciyarsa na iya bugawa.”

“To, da ka cire shi, ka je ka same shi ka gaya masa abin da ya sami 'yarsa?”

Alhaji Tanimu ya sunkuyar da kai. “Ban iya ba. Da wane ido zan dube shi in faɗi wannan magana? Kunya ta hana ni.”

“Ka kai wa 'yan sanda?”

“A'a, ranka ya daɗe. Ban yi wannan tunanin ba.”

Alƙali ya sa aka kira Malam Isyaku. Ya fito, siririn mutum, hularsa a hannu. Alƙali ya ce, “Malam Isyaku, ka san an cire ka daga zauren unguwa?”

Ya ce, “Na sani, Allah ya gafarta Malam. Na duba waya na ga an fitar da ni. Sai na ɗauka wani laifi na yi wa mutanen unguwa ban sani ba, don na ga ana ta kawar da kai in na gaisa. Shi ne na rufe keke na tafi shagon Alhaji, na durƙusa na ce masa, in wani abu na yi a yafe mini. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce ba komai, wayar ce ta yi gardama. Na yi masa godiya na koma gida. A shagon akwai mutane zaune, ashe duk sun gani. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da na haife ta.”

Masu gyaɗa kai ɗazu kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Alƙali ya gyara zama ya ce, “Barista ya kawo hujja don ya nuna wanda yake karewa bai san cuta yake yi ba. Ni kuwa a wannan hujjar na ga ya sani. Mutum ba ya ɓoye wa maƙwabcinsa alheri. Da ka ɗauka abin da kake yi taimako ne, Alhaji, da Malam Isyaku ne farkon wanda za ka nema, ba farkon wanda za ka cire ba. Ka auna abin, ka ga zai iya kashe uba, sannan ka raba shi ga maƙwabta. Mutum biyu ne kawai ke da abin yi da wannan labari, uban yarinya da hukuma, kuma su biyun ne kaɗai ba ka kai wa ba. Gargaɗi da baki ake yi. Da ka ce, jama'a a kula da yara, akwai mugu a unguwa, da ka gama gargaɗinka ba tare da fuskar kowa ba. Wancan mugun ya cuce ta a ɓoye, kai ka fitar da cutar kasuwa, kuma duk sanda wani ya buɗe waya ya kalla, an sake cutarta.”

Ya ci gaba, “Kotu ta same ka da laifin ajiyewa da na yaɗawa. Ta kuma karɓi maganar lauyanka cewa ba ka sayar ba, ba ka nemi abin da kanka ba, ba a taɓa kama ka da laifi ba, kuma ba ka wahalar da kotu da musu ba. Saboda haka na yanke maka mafi ƙanƙantar ɗaurin da doka ta ba ni iko, amma ba zaɓin tara. Wayar ta zama ta hukuma, a lalata abin da ke ciki. Kana da damar ɗaukaka ƙara.”

Mai unguwa ya miƙe, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a duba girmansa. A bar mu mu sasanta a gida.”

Alƙali ya ce, “Mai unguwa, ana sasanta rikicin iyakar gona, ana sasanta faɗan maƙwabta. Wannan ba ya cikinsu. Kuma tunda kun taru, ku ji da kyau. Duk wanda abin nan ke cikin wayarsa, laifin da aka ɗaure Alhaji a kansa yana aljihunsa. Kada ya tura wa kowa, ko da sunan neman shawara. Ya kai rahoto ga hukuma, a raba shi da bidiyon.”

Da za a fita da Alhaji Tanimu, ya roƙi a bar shi ya yi magana da tela. Aka bar shi. Ya tsaya gabansa hawaye na zuba, ya ce, “Malam Isyaku, don girman Allah ka yafe mini. Wallahi ban nufe ka da sharri ba.”

Malam Isyaku ya dube shi, ya ce, “Na san ba ka nufe ni da sharri ba, Alhaji. Nawa na yafe, duniya da lahira. Nata kuwa ba a hannuna yake ba. Ka jira ta girma, ta san abin da aka yi mata, sai ka je ka tambaye ta da bakinka.”

Masu hankali suka riƙe wannan shari'a, suna cewa: abin da ka ji kunyar nuna wa uba, ba ka da ikon nuna wa gari, kuma kyakkyawar niyya tana rage wa mai laifi hukunci, amma ba ta rage wa wanda aka cuta ciwo.