Tsohon da Ke Zaune a Ƙofar Asibitin Dakta Ɗalhatu

Akwai wani likita ɗan Funtuwa da ake kira Dakta Ɗalhatu, yana aiki a wani asibitin kuɗi a unguwar Al Sadd da ke Doha. Mutum ne ɗan ƙwalisa, kullum cikin ƙamshi, ga wani zoben azurfa mai jan dutse da ba ya rabuwa da yatsansa. Aiki kam ya iya shi, wannan ba mai musu. Amma fa idan ya ce a'a, ko duk garin za a tara masa ba zai sauya ba.

Kafin ya tafi Ƙatar ya daɗe yana aikin gwamnati a gida. Da ya ajiye, aka ba shi katin inshorar lafiya irin na 'yan fansho. Katin yana nan cikin walat ɗinsa, amma ba don amfani ba. Fito da shi yake yi a cikin abokai ya ce, "Wai da wannan za a yi mini magani," a yi ta dariya.

Da abin da ya samu a Doha ya gina asibitinsa a Funtuwa. Ya sa aka ɗaura kyamara a saman ƙofa, yana kallon komai ta wayarsa. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, hoto ne kawai. Duk da haka ma'aikata ba sa sakewa, don sun san oga yana can yana gani.

Wata rana ya kira Sauda, babbar nas ɗin asibitin, ya ce daga yau a daina karɓar katin 'yan fansho. Ya ce biyan yana daɗewa bai zo ba, kuma tsofaffi ciwonsu ba ya ƙarewa. Maganar jinkirin biya gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai asibitin bai rasa komai ba, cike yake da masu biya a hannu.

Sauda ta ce, "Dakta, to Iya Adijatu fa? Tsohuwar nan mai ciwon suga da muke wanke wa ƙafa. Babban asibiti ya yi mata nisa, ga layi. In aka bar ƙafar nan, yanke ta za a yi."

Ya ce, "Sauda, ni ba gidan sadaka na buɗe ba. Khalas, an gama magana."

Shi da kansa ya tsara kalmomin, ya sa aka rubuta su a jikin allon ƙarfe don kada ruwan sama ya goge: BA MA KARƁAR KATIN 'YAN FANSHO. Aka kafe shi a gefen ƙofa. Har bencin katakon da tsofaffi suke zama ya sa aka shigar ciki.

Ku fahimci wani abu game da zaman Doha. Baƙo da wuya ya tsufa a can. Aiki ne ya kawo ka, ranar da aikin ya ƙare iƙamarka ta ƙare, wato izinin zama, sai filin jirgi. Don haka duk inda Dakta ya juya masu ƙarfi yake gani, direbobi da masu gadi da injiniyoyi. A hankali ya fara ɗaukar tsufa kamar wani ciwo ne da ke kama mutanen gida kawai.

Kwanaki suka wuce, tsofaffi suka riƙa zuwa suna karanta allo suna juyawa, har suka daina zuwa. Dakta yana kallo, ko a jikinsa.

Sai wata rana bayan Azahar, yana ofis yana cin shinkafa, ya buɗe wayar kamar yadda ya saba. Ya ga wani tsoho zaune a ƙarƙashin allon, a kan wani bencin ƙarfe shuɗi. Kansa a sunkuye, hula ta rufe masa goshi. Hannunsa na dama yana kwance a cinya a nannaɗe, ba ya motsi.

Ya kira Sauda a fusace. "Wa ya fito da benci? Kuma wane ne wannan tsohon da kuka bari ya zauna mini a ƙofa?"

Ta ce, "Bari in duba, Dakta."

Yana kallonta ta fito da waya a kunne. Ta tsaya daidai gaban tsohon, har gefen rigarta yana neman taɓa gwiwarsa. Ta duba hagu, ta duba dama.

"Dakta, ba kowa a nan. Kuma mu ba mu da bencin ƙarfe. Namu na katako ne, yana ciki."

Ya ajiye cokali. Shinkafar nan ba ta ƙara shiga ba.

Ya ce a ransa kyamarar ce ta lalace, ta riƙe wani tsohon hoto. Ya sa aka sauya ta. Washegari ya buɗe, ga tsoho yana nan, ga benci shuɗi. Awaki suna wucewa, masu babur suna wucewa, inuwar bango tana matsawa, shi kuwa yana zaune kamar an dasa shi. Abin da ya fi tayar wa Dakta tsigar jiki shi ne numfashinsa. Kana ganin kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka a hankali.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kasa haƙuri, ya miƙa wa matarsa Haulatu wayar a falo. Ya ce, "Me kike gani?"

Ta ƙura ido. "Ƙofar asibiti. Ga allonka."

"A ƙarƙashin allon fa?"

"Ƙasa ce, Baban Ummi. Me ya kamata in gani?"

Sai ya gaya mata komai. Haulatu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ban san mene ne ba, Allah ne masani. Amma tunda a ƙarƙashin allon nan yake zama, ka cire allon mana. Tun ranar da ka kafa shi raina bai kwanta ba."

Ya karɓe wayarsa. "Wato hoto ne zai koya mini yadda zan tafiyar da asibitina?"

Kun ji fa. Mutum yana jin tsoro har cikin ƙashinsa, amma girman kai ya hana shi sunkuyawa.

Ana haka ya lura da wani abu. Duk bayan kwana biyu wata tsohuwa tana wucewa ta gaban kyamara tana ɗingishi da sanda, ta zagaya bayan gini. Iya Adijatu ce. Ashe Sauda ta ƙofar baya take shigar da ita, ta wanke mata ƙafa a ɓoye.

Ya kira ta. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Na yi, Dakta. Da auduga da bandejin da na saya da kaina. Ciwon ya fara haɗewa, in ka ba ni ɗan lokaci zai rufe. Don Allah ka bari in ƙarasa."

Ya ce, "Ki ajiye makullai a wurin mai gadi. Na sallame ki."

Yana kashe kiran ya koma kan kyamara don ya ga fitarta. Ta fito da jakarta tana share ido da gefen hijabi, ta wuce ta gaban bencin. A lokacin ne tsohon ya motsa.

Ya ɗago kansa sannu a hankali, ya kalli kyamara tsaf, kamar ya san inda idon yake.

Bakinsa a karkace yake. Furfura ta cinye gemu. Amma a girarsa ta hagu akwai tabo da ya raba ta biyu, irin wanda Dakta ya samu tun yana yaro da ya faɗo daga kan keke. Dakta ya ja hoton ya ƙara girma. A hannun nan da ba ya motsi akwai zoben azurfa mai jan dutse.

Sanyin na'ura ya cika ofis, amma zufa ta jiƙa masa riga. Leɓen tsohon ya fara motsi. Magana ɗaya yake maimaitawa, hawaye yana bin kuncinsa, kuma ba a jin komai.

To a nan ne nake jin haushin Dakta Ɗalhatu, wallahi. Kira ɗaya zai yi a cire allo, a dawo da Sauda. Maimakon haka sai ya zare zoben ya jefa can ƙasan akwati, ya goge manhajar kyamarar daga wayarsa. A ganinsa ya yi maganin abin.

Bayan wata biyu saƙon Sauda ya shigo: "Dakta, an yanke ƙafar Iya Adijatu." Ba a daɗe ba wani ya biyo baya: "Iya ta rasu da safe. Ta ce a gaishe ka." Ya karanta duka biyun, bai amsa ko ɗaya ba.

Shekaru suka ɗan ja. Zoben bai ƙara sawa ba, kyamarar bai ƙara kallo ba, har ya fara mantawa.

Wata safiya yana tsakiyar duba mara lafiya, biro ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya naɗe. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama.

An yi masa magani mai kyau a Doha, an ceci ransa. Amma likitan da ba ya iya riƙe biro aikinsa ya ƙare. Kwantiragi ya ƙare, inshorar wurin aiki ta bi shi, iƙama ma ta bi su. A keken guragu aka tura shi cikin filin jirgin Hamad, Haulatu tana biye da jakunkuna. Wani mai gadi ɗan Arewa da ya saba gaishe shi ya kalle shi ya ce, "Sannu Baba," bai gane shi ba.

A gida jinya ta ci abin da aka tara. Aka je nan, aka je can, aka gwada wannan, aka gwada wancan. Ƙarshe dai asibitin ma aka sayar wa wasu mutane daga wani gari. Ciwo ya tsufar da shi fiye da shekarunsa. Abin da ya rage masa na magani shi ne katin nan da yake nuna wa abokai ana dariya.

Wata rana da hantsi kansa ya yi nauyi, jininsa ya hau. Haulatu ta ce su je asibiti mafi kusa, wato tsohon asibitinsa. Ta ce, "Ai ko ba komai za su ji kunyar sunanka."

Ta sa masa riga, ta ja masa hula har goshi. Tana neman katin a cikin tsohon akwati sai ta ci karo da zoben. Ta goge shi, ta zura masa a hannun da ba ya ji, don ta faranta masa rai. Shi kuwa ciwon kai ya hana shi lura.

Mai adaidaita ya sauke su a ƙofa. Ta riƙe shi ta zaunar, ta ce, "Jira ni a nan, Baban Ummi, bari in shiga da katin."

Yana zaune kansa a sunkuye, sai ya ji sanyin ƙarfe a tafin hannunsa na hagu. Ya duba. Benci ne na ƙarfe, shuɗi, sababbin masu asibitin ne suka ajiye. Ya kalli cinyarsa, ga hannu a nannaɗe, ga jan dutse yana ƙyalli.

Daga ciki ya ji muryar wata yarinya da bai sani ba. "Hajiya, ba ki ga allo a waje ba? Ba ma karɓar wannan katin."

Ya ji Haulatu tana cewa, "'Yar nan, shi ne fa ya gina wurin nan."

"Ki yi haƙuri Hajiya, doka ce. Tun kafin mu zo take."

Allon yana nan a saman kansa. Ƙarfe ne mai kyau, ruwan sama bai goge ko harafi ɗaya ba.

Sai Ɗalhatu ya ɗago kai a hankali. Kyamarar tana nan a saman ƙofa. Ya kalle ta tsaf, ya tattara duk ƙarfin da ya rage a harshensa, hawaye yana zuba.

"Ɗalhatu, cire shi. Ɗalhatu, cire shi."

Haulatu ta fito da katin a hannu, ta same shi yana ta maimaitawa. Ta kalli sama, ta kalle shi, ta dafa kafaɗarsa. "Baban Ummi, da wa kake magana?"

Ya sauke kai. Da ƙyar maganar ta fito, amma ta ji ta sarai.

"Bar shi kawai. Ba zai ji ba, na san shi."

Darasi: Duk dokar da ka kafa wa tsofaffi da marasa ƙarfi, kanka kake kafa wa, don in Allah ya ja kwananka kai ma can za ka. Idan aka yi maka gargaɗi, ko ta bakin matarka ko ta bakin na ƙasa da kai, ka gyara tun hannunka yana motsi. Ku tura wannan labari ga duk wanda yake da ikon buɗe wa wani ƙofa ko rufe ta, likita ne ko ma'aikacin ofis, wataƙila shi ya ji.