Zazzaɓin Odinatar Alhassan

Akwai wani mutum a Madarumfa ana ce da shi Alhassan. Kada ku ƙi shi tun ba ku ji labarinsa ba, don ɗan kirki ne. Ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan mutane, kuma duk ranar Juma'a sai ya hau babur ɗinsa ya je Gidan Tanko ya gaida mahaifiyarsa, Inde. Aibinsa guda ne. Tun da aka tura shi Yamai ya yi wata biyu yana koyon aikin odinatar, wato kwamfuta, kunnensa ya toshe. In ba ka yi lakkol ba, wato makarantar boko, maganarka ba ta shiga kansa ko da gaskiya ce tsirararta.

A shekarar 1998 yana aiki a biro, wato ofis, na wani furoje mai gina wa mata rijiyoyin lambu. Wata uku ma'aikata suka yi suna yawo a ƙauyuka goma sha biyu, suna rubuta sunan kowace mace, da girman lambunta, da gaba nawa ake yi kafin a tarar da ruwa. Takardun suka taru dami-dami, kowane ƙauye da daminsa. Aikin Alhassan shi ne ya zuba su cikin odinatar, ya fitar da jerin sunaye, a kai Maradi ranar da aka yanke. Masu gina rijiya jerin nan kawai suke bi kafin damina ta faɗi. Ƙauyen da babu sunansa a ciki sai baɗi.

Odinatar kuwa, Alhassan yana sonta kamar 'yar fari. A Yamai an ce masa in ya gama aiki ya rufe ta. Shi sai ya ga ai abu mai daraja ba a barinsa tsirara ko da yana aiki. Ya sa matarsa ta ɗinka wa akwatin na'urar riga ta leshi, da shafi mai kauri a ciki, har da 'yan tuntaye a gefe. Ya sa mata, ya tura ta ta manne da bango don kada wani ya yi tuntuɓe da ita. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce masha Allahu, kamar an kai shi ɗakin amarya.

Da bazara ta kankama, sai ciwo ya fara. Da safe na'ura lafiya lau take. Ana idar da sallar azahar sai ta sandare, ya danna nan ya danna can, ko motsi. Wani lokaci gilashin da rubutu ke fitowa a kai ya yi shuɗi, wani lokaci ta mutu ta tashi da kanta. Alhassan ya ce laifin masu wuta ne. Da ya ga fitilar ofis ba ta ko ƙyaftawa, sai ya ce cuta ce irin wadda ake kira birus, kuma ta cikin disket ta shigo. Disket wasu 'yan faya-fayai ne da ake kwafe aiki a kansu a ajiye gefe, saboda tsaro. Ya tattara su duka ya kulle a aljihun tebur, ya ce daga yau babu wanda zai sake shiga cikin na'urarsa. Ciwo bai tafi ba. In ta sandare sai ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, in haushi ya kama shi ya ɗan mare ta a gefe, sannan ya gyara mata rigarta.

Akwai wata tsohuwa mai sharar biron, Inna Ɗelu. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma 'ya'ya tara ta goya, bakwai suna raye. Wata rana ta shigo da ruwan randa bayan azahar, ta tarar da shi yana huci a gaban gilashin. Ta ajiye tulu, ta ɗora bayan hannunta a kan akwatin, yadda ake taɓa goshin yaro.

Ta ce, "Ɗan nan, abin nan naka zazzaɓi yake yi."

Ya ce, "Inna, ba akuya ba ce. Na'ura ce."

"Na ji. Amma da in na kai tsintsiya bayanta, iska nake ji tana hura mini hannu. Yau kwana nawa babu. Kuma tana wani ƙas-ƙas a ciki, kamar kaza tana cin gero a faranti. Ba ka ji?"

"Aiki take yi, Inna. Haka suke."

"To. Ni dai ɗana in ya yi zafi ba na ƙara masa bargo."

Alhassan ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya faɗi abin da bai sani ba. Ya ce in an buɗe lakkol ɗin odinatar a Madarumfa ita za a fara ɗauka malama. Sannan ya nuna mata damman takardun da ke jibge a kusurwa, waɗanda ya riga ya gama zubawa a na'ura. Ya ce ta kwashe su ta ba Talatu mai ƙosai a bakin ƙofa, sun cika masa wuri, zamanin takarda ya wuce.

Ta ce, "Duka?"

Ya ce, "Duka, Inna."

Saura kwana uku a kai jerin sunaye, ran Litinin da hantsi, ya kunna na'ura ta ƙi tashi. Gilashi baƙi, da ɗan rubutu fari layi ɗaya a sama, sai ƙas-ƙas ɗin nan da yanzu ko kurma zai ji. Ya kashe ya kunna har sau bakwai. Gumi ya jiƙa masa riga. Bai ce wa kowa komai ba, ya hau babur ya tafi Maradi, ya ɗauko wani mai gyara da ake kira Sa'idu.

Sa'idu mutum ne marar gaggawa. Da ya shigo bai taɓa na'urar ba tukuna. Ya zauna ya ce, "Malam Alhassan, da wane lokaci take yin abin?"

"Birus ne, ina gaya maka."

"Za mu gani. Da safe take yi ko da rana? Yaushe ta fara? Akwai wata ƙara da ta canza?"

Alhassan ya yi makonni yana fama da ita, amma bai taɓa tsayawa ya lura ba. Sai aka ji murya daga bakin ƙofa.

"Bayan azahar take yi, in rana ta juyo kan bangon nan. Ta fara tun satin da aka yi sunan jikan mai gadi. Numfashinta ya fara ɗaukewa, ƙas-ƙas ɗin daga baya ya zo."

Sa'idu ya waiwaya ya dubi tsohuwar da tsintsiya a hannu. Ya ce, "Inna, shigo ki zauna. Da ke zan yi aiki."

Ya cire rigar leshin, ya ninke ta da ladabi ya miƙa wa Alhassan. Ya jawo akwatin daga bango, ya kwance shi. A baya akwai wata 'yar fanka mai fitar da zafi. Zanzaro ya sami wuri mai duhu da ɗumi a ƙarƙashin rigar, ya yi gininsa na laka a kanta, ɗaki uku reras, fikafikan fankar sun kafe a ciki.

Inna Ɗelu ta leƙa ta ce, "Ashe har da 'yan haya."

Sa'idu ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ya share lakar ya gwada fankar, ashe ta riga ta ƙone. Ya sa wata, iska ta dawo. Ya kunna, na'ura ba ta tashi ba. Sai ya cire babban faifan da ke ciki, wanda duk aikin yake kwance a kansa, ya sa nasa na gwaji. Nan take ta tashi garau. Ya mayar da na Alhassan, ƙas-ƙas ya dawo. Ya sake gwadawa don ya tabbata, sannan ya ajiye sukudireba.

Ya ce, "Babu birus. Zafi ne ya dafa faifan nan a hankali. Ranar da ya fara wannan ƙarar, gargaɗi yake yi maka, da ka kwashe aikinka tun yana iya bayarwa. Yanzu ya tafi. Amma ba komai, kawo disket ɗin da ka kwafe, mu zuba a sabo."

Alhassan ya buɗe aljihun tebur. Aikin da ke kan disket ɗin na tun farkon fari ne, sunayen ƙauyuka kawai, babu sunan mace ko ɗaya. Ya dubi kusurwar da takardu suke a da, wayam. Ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Mata ɗari huɗu da wani abu, da tafiyar wata uku.

Inna Ɗelu ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta fita. Can an jima ta dawo da buhu a ka, ta sauke a gabansa.

Ta ce, "Dami biyu na sama na ba Talatu. Da na ga ta yaga sunan mutum ta naɗe ƙosai, raina bai kwanta ba. Sauran na kai ɗakina. In na yi laifi ka yi haƙuri."

Ya kama hannunta biyu yana hawaye.

Ta ce, "Sake ni, ɗan nan, ka tashi ka yi aiki. Kuka ba ya rubutu."

Sa'idu ya sa sabon faifai. Kwana biyu Alhassan yana bugawa, na'ura tsirara a tsakiyar ɗaki tana shan iska, kuma duk ƙauyen da ya gama sai ya kwafe a disket biyu. Ƙauyuka goma suka shiga jeri. Biyun da suka rage ya je wurin Talatu nema, ya samo takarda ɗaya tal, mai ya cinye rubutun. Babu lokacin sake awo. Ɗaya daga cikin biyun kuwa Gidan Tanko ne, don saboda son mahaifiyarsa ya ɗora daminsu a sama.

Ran Juma'a ya je ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaya mata komai, bai ɗora wa masu wuta ba, bai ɗora wa zanzaro ba.

Inde ta ce, "Babu wanda ya gaya maka tun da wuri?"

"An gaya mini, Inna."

"Wa?"

"Tsohuwar da ke mana shara."

"Sa'ata ce?"

"Ta ɗan girme ki."

Ta jima tana tsince wakenta. Sannan ta ce, "Ni na yafe. Matan garin nan kuwa da bakinka za ka je ka gaya musu. Kuma in rani ya zo, ga tulu can. Albasata ba ta san odinatar ba, ruwa ta sani."

Haka aka yi. Duk ranin nan, kowace Juma'a, mutanen Gidan Tanko suna ganin ma'aikacin biro ya naɗe ƙafar wando yana jido daga tsohuwar rijiyar bayan gari, matan suna yi masa sannu da aiki, Malam Odinatar. Da shekara ta zagayo, sunan garinsu da na ɗaya ƙauyen ne farko a jeri. Rigar leshin kuwa Inna Ɗelu ya ba, ta rufe kwanon furarta da ita.

To 'ya'yana, ga abin da nake so ku riƙe. In abu ya lalace, na'ura ce ko jikin mutum, kada ku yi saurin sa masa suna. Ku tsaya ku lura da lokacin da yake yi, ku saurara, ku taɓa, ku gwada abu ɗaya kafin ku wuce zuwa na biyu. Abin da yake da muhimmanci kada ku ajiye shi wuri guda. Kuma wanda yake kusa da abu kullum, ko da tsintsiya ce a hannunsa, in ya ce muku ya ga canji, ku ji shi. Karatunku ba zai ragu ba don kun saurari tsohuwa.